Ginshiƙai Uku da Ban Ɗaga Kai Na Gani Ba

Gara in faɗa da bakina tun kafin Badamagaren ɗakinmu ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba kuma yaro ba ne wawan, dattijo ne mai furfura har a gira, mai jikoki tara waɗanda ya fi sanin su a waya. In dariya kake nema, mai karatu, ka samu, gyara zama.

Usur ne ya tado mini da zancen. Shekaranjiya na je ajiye mota a bakin wani kanti a Malaz, wata unguwa a Riyad, sai mai gadin wurin ya hura usur. Kafin in san abin da nake yi, na ɗaga hannuwa biyu sama, makullin mota ya faɗi ƙasa. Ashe ba ni ma yake hura wa ba, wani mai babur ne ya tare ƙofa. Mutumin ya dube ni, na dube shi, na sunkuya na ɗauki makullina kamar dama miƙa nake yi. Kafin ka gane abin da ya haɗa ni da usur, sai na mayar da kai wani ƙauye gabas da Kano, wajen kakata.

Kakata ta wajen uba ita ta raine ni. Gajeruwa ce, hannunta kullum yana ƙamshin daddawa da hayaƙin kara. Iyakar tafiyarta a duniya kasuwar garin da ke gaba da mu, amma duk ƙauyen babu wanda ya kai ta sanin dokokin tafiya. Ba a fita da ƙafar hagu. Ba a waiwaye in an yi sallama. Babbar dokar kuwa, wadda ba ta yarda a yi wasa da ita ba, ita ce shan ƙasa. Duk garin da ka sauka baƙo, kafin ka kai ruwansa baki, sai ka tsinci 'yar turɓayar wurin da yatsu biyu, ka zuba a ruwan, ka kaɗa, ka kurɓa. In ba ka yi ba, cikinka ne zai ba da labari.

Na tuna ranar da ta fara yi mini. Da kaka ne, an yanke gero, hanya duk ƙaiƙayi, muka taka zuwa suna gidan gwaggona. A bakin gari ta tsuguna gindin wata tsamiya, ta buɗe ƙaramar gorarta, ta zuba turɓaya, ta miƙo mini. Na ɓata fuska. Ta ce, "Sha, ɗan nema. Ruwan nan bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba. Ka bari ku gaisa." Na sha, yashi yana ƙas-ƙas a haƙorina. A sunan nan yara biyu suka kwanta da gudawa, ni kuwa garau. Daga ranar babu malamin asibitin da ya isa ya raba ni da kakata.

Boko kuwa aji huɗu na yi, kuma har yau ina cin moriyarsa kamar mai digiri. Ajinmu rufin kwano ne. Da damina, in ruwa ya sauko, ko malam ya yi ihu ba a jin sa, sai ya ajiye alli ya jira. In ruwan ya tsagaita, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ajin, shi ma lissafin ya fita daga ransa, sai ya jawo wani tsohon littafi mara bango ya ba mu labaran mutanen Girka na dā. Akwai hoto guda a ciki da ya kama ni: ginshiƙai uku na farin dutse, a tsaye kan wani zagayayyen dandamali, bayansu tsauni. Malam ya ce a gefen tsaunin nan wata mata take zama a kan kujera mai ƙafa uku, bisa wata tsaga a dutse, tana shaƙar wani tururi da ke fitowa, sarakuna su zo daga nesa da kyaututtuka su tambaye ta ko su fita yaƙi ko su zauna. Ya ce wai babban abin bautarsu ya saki mikiya biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka haɗu daidai wurin, shi ya sa suke cewa nan ne tsakiyar duniya.

Na ruga gida na zazzage wa kakata tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ashe su ma suna da mai hawan iska. To, tasu ce aka sa a littafi, tamu ta bayan kasuwa aka ce maguzanci." Babana da ya ji, ya ce in shi ke nan abin da ake koyarwa, gara in zo in taya shi korar tsuntsaye a gonar dawa. Shekarar ba ta ƙare ba aka cire ni. Ban ce labarin ne ya jawo ba, dama yana neman dalili. Amma hoton ya bi ni. Ba imani na yi da su ba, astagfirullah. So kawai nake wata rana in tsaya a gaban ginshiƙan nan da ƙafata, in ce yauwa, ashe da gaske akwai ku.

Sai rayuwa ta kawo ni Riyad ina saurayi, aka sa ni tuƙi a wani gida a Malaz. Ranar da na sauka, na zagaya bayan gidan na sami turɓaya gindin wani dabino, na yi abin da kakata ta koya mini. Shekara arba'in da wani abu ke nan, ban taɓa ciwon ciki a garin nan ba. Ban kuma taɓa fita ba, in ban da hutun wata biyu da ake ba ni in an ga dama. A gabana garin ya kumbura. Inda na san rairayi ya zama gada, inda na san gada an yi wata a samanta, yanzu har jirgin ƙasa ke wucewa ta kan mutum. Babu titin da ban sani ba, amma ban tuna ranar da na bi ɗaya don ra'ayin kaina ba. Gida zuwa makaranta, makaranta zuwa kanti, kanti zuwa asibiti, in jira a mota. Rabin rayuwata jira ne a mota da gilashi a rufe. Fasfona ya daɗe a aljihun teburin maigida har ya fi ni sanin gidan. Yanzu an ce an sauƙaƙa, komai a waya yake, amma izinin fitar yana wayar kafil, mai riƙe da takardun zamana, ba a tawa ba. In bazara ta yi, gari ya zama tanda, masu gida su tsere ƙasashen sanyi, a bar mu direbobi muna ba wa shuka ruwa.

Da tsohon maigida ya rasu, babban ɗansa ya gaje ni tare da motocin. Ya mayar da ɗakina na bakin ƙofa wurin ajiyar kaya, na koma unguwar Manfuha, mu biyar a ɗaki. A nan na haɗu da Badamagare, tsoho kamar ni, mai gadin wani gini. Ni Bakano, shi Badamagare, ka san abin da ke tsakani: ba ma gaisawa sai da tsiya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mukan baza leda mu zuba shinkafa da kaza, kowa ya kawo ƙaryarsa. Tawa Girka ce. Na ba su labarin matar nan mai tururi ya fi a ƙirga, ina ƙara gishiri duk mako, har suka laƙaba mini Malamin Girka. Ni kuwa na karɓi sarautar hannu biyu.

To, bara da bazara ta gabato, 'yar maigida, wadda ke karatun tarihi a jami'a, tana bayan mota sai ta miƙo mini wayarta a wajen danja. Ta ce, "Ammu, ka ga inda za mu bana." Ammu take ce mini, wato baffa, tun tana koyon magana. Na duba. Ginshiƙai uku, zagayayyen dandamali, tsauni a baya. Sai da na bayana suka cika titi da hon kafin in tuna mota nake ja.

Abin da ya sa ni cikin tafiyar kuwa tsohuwar gidan ce, mahaifiyar maigida. Ƙafafunta sun daina ɗaukar ta, a keke ake tura ta, kuma ta rantse ba mai tura ta sai ni. Ta ce 'yar aikin gudu take da ita kamar an biyo su, ɗanta kuma yana tura ta yana kallon waya. Maigida ya yi gunaguninsa, ya nema mini biza. Ranar da ta fito na shiga Manfuha ina tafiyar hakimai. Badamagare ya ce, "Su Malam za a je duba ɗalibai." Na ce masa ya rubuto tambayarsa in kai wa matar, ko za ta gaya masa ranar da Damagaram za ta yi wayo.

Kwana uku muka yi a Atina, babban birnin Girka, a otal. Tun daga filin jirgi nake neman turɓaya, ban samu ba. Ko'ina dutse ne a shimfiɗe, ko siminti, ko tayil, ni kuma hannuna biyu a kan keken tsohuwa daga safe har yamma. Na sha ruwansu haka nan, ba gaisuwa. A rana ta biyu cikina ya fara ƙugi. Kai za ka ce man zaitun ne da suke malalawa a kan komai, har da tumatir. 'Yar maigida ma haka ta ce. Ni na san abin da na sani.

Rana ta huɗu aka ɗauko mana ƙaramar bas zuwa tsaunin. Tafiya ce mai ɗan nisa, hanya tana nannaɗewa kamar igiya. Da muka isa, na leƙa ƙasa, itatuwan zaitun sun cika kwari har iyakar gani. Iska tana ƙamshin wani itace kamar turaren wuta, gyare yana ta kuka kamar a gonarmu da rani. 'Yar maigida ta ce wurin kashi biyu ne: babban yana nan sama, inda matar take zama, ginshiƙan nan uku kuwa suna gangare, ɗan gaba kaɗan a gefen hanya. Za su hau saman tukuna, su sauko, sannan mu je can gaba ɗaya. Hanyar saman tudu ce da matakala, keke ba ya hawa. Aka bar ni da tsohuwa a inuwa, daga cikin ƙofa kaɗan, kusa da wani tsohon bango na manyan duwatsu da aka kewaye da igiya.

Tsohuwa ta fara gyangyaɗi. Cikina ya murɗa. Na dubi gindin bangon nan, sai ga turɓaya ja, laushi, irin wadda na kwana uku ina nema. Na ce a raina, yau zan tsaya gaban abin da na jira tun ina aji huɗu, ba zan tsaya ina riƙe da ciki ina neman bayan gida ba. Igiyar ko gwiwata ba ta kai ba. Na tsallaka da ƙafar dama, na tsuguna, na ciro makullin motarmu ta Riyad, wanda sabo ya sa na taho da shi a aljihu, na ɗan sosa tsakanin duwatsu biyu. Turɓaya ta zubo, da ɗan ɓarɓashin dutse kamar ƙwayar gero. Na zuba a gorar ruwa, na yi bisimilla, na kaɗa.

Ban kai baki ba na ji usur. Ban taɓa sanin ƙaramin abu yana da irin wannan murya ba. Wata mata mai kayan ma'aikata ta taho da gudu, wani ƙato yana bin ta. Ta fizge gorar, ta ɗaga ta sama tana nuna wa ƙaton jan ruwan, ta nuna makullin, ta nuna bangon. Na tattaro Turancin aji huɗu kaf, bai wuce kalma shida ba, na ƙara da nuna cikina. Turawa masu yawo suka tsaya suna ɗaukar hoto. Sun biya don su ga tsofaffin duwatsu, aka ƙara musu da tsohon Bakano.

Suka kai ni wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa. Tebur, kujera biyu, fanka, da taga can sama wadda kan itace ɗaya kawai ake gani ta cikinta. Ƙaton ya yi mini alamar takarda. Na ciro iƙama, katin zamana na Saudiyya, na miƙa da ladabi. Ya juya ta gaba da baya, ya mayar mini. Fasfo yake so. Fasfo yana jakar maigida, maigida yana kan tsauni, wayarsa ba ta shiga. Ya nuna mini kujera, ya ja ƙofa.

Can sai na jiyo muryar tsohuwa. Wani ya turo ta har bakin ƙofar, tana zazzaga musu Larabcin ƙauyensu wanda ko a Riyad ba kowa ke ganewa ba. Da suka buɗe ta gan ni, sai ta juyo kaina.

"Ya Hajji, me ka sata?"

Na ce, "Wallahi ban saci komai ba, Mama. Turɓaya ce, sha zan yi."

"Sha?"

Na yi mata bayanin kakata. Ta kama dariya har da hawaye. Ta ce ita ma mahaifiyarta, ranar da aka taso da su daga ƙauye zuwa birni, ƙasar gindin rijiyarsu ta ƙulle a bakin mayafi, tana jiƙa musu in sun yi zazzaɓi. Ta ce, "Amma ita tata ta ɗebo, ba ta mutane ba." Ta zauna nan bakin ƙofa tana tsaron mai tsaronta. Fitar da ni dai ba ta iya ba.

Fiye da awa biyu na yi a kujerar nan. Ina jin takun mutane suna shiga suna fita, harsuna iri-iri, kowa ya zo ya ga abinsa ya tafi. Na zauna ina kallon fanka. Na ce oho, sarakuna sun zo nan an gaya musu abin da zai same su, ni da na tambayi matar da ta ce, koma gida, Malam, zaman jira ne a can, zaman jira ne a nan. Na yi azahar a zaune, ban san ma ina ne gabas ba. Abin haushin, cikin ya lafa da kansa.

Da maigida ya sauko, fuskarsa ta yi ja da rana da fushi. Aka yi ta Turanci, 'yarsa tana ba da haƙuri, aka kira wani babba ya zo ya duba bangon da tabarau, ya duba ni, ya girgiza kai. Aka sa hannu a takardu. Matar nan ta ɗauki gorata ta je gindin bangon ta juye, har da girgizawa, kada ƙwaya ɗaya ta biyo ni. Lokacin mai bas ya riga ya cika. Maigida ya ce halas, wato an gama, babu inda za a ƙara tsayawa.

A cikin bas maigida ya fara faɗa. Yaron da na goya a kafaɗa na tsallaka da shi titi ranar da aka fara kai shi makaranta, shi ne yake jera mini: na kunyata shi, na bar mahaifiyarsa ita kaɗai, da an kulle ni da wa zai yi ta zirga-zirga. Kuma duk gaskiya ya faɗa. Mu kuwa yadda aka tarbiyyantar da mu, in na gaba da kai yana yi maka faɗa, ko da a haife ka haife shi, ƙasa kake kallo. Ba ka kallon idonsa, balle ka leƙa taga kamar maganarsa iska ce. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Bas ta fara gangara. Sai na ji 'yar maigida ta taɓo kafaɗata, murya ƙasa-ƙasa: "Ammu, duba dama. Ga su nan."

Maigida yana tsakiyar magana. Na ji wuyana yana so ya juya da kansa. Na ce bari ya kai aya tukuna, numfashi ɗaya kawai. Bai kai ba. Ta sake cewa, "Ammu, yalla, duba!" Ban ɗago ba. Da ya tsaya shan ruwa na ɗaga kai, hanya ta riga ta karya kwana, babu komai a tagar sai gefen dutse da wata motar kaya.

Sauran kwana biyar ɗin a ɗakin otal na yi su, hawa na huɗu. Aka ɗauko wa tsohuwa wani mai turawa, ta yi ta zaginsa bai ji. Ni kuwa ina kallon talabijin da harshen da ban sani ba, taga tana kallon bangon wani otal ɗin.

Yanzu jikata ta can gida, in na ce ginshiƙai uku, kafin in rufe baki ta nemo su a waya ta turo mini, daga gaba, daga baya, har daga sama. Ba ta san shan ƙasa ba. Ruwan leda suke sha, kuma gindin tsamiyar da kakata ta tsuguna an ce yanzu gidan mai ne. Ban koya wa kowa dokar ba, ban kuma ce ƙarya ce ba. Na bar ta nan a wajena, mu tsufa tare.

Juma'ar farko bayan mun dawo, ɗakin Manfuha ya cika, har da waɗanda ba sa zuwa. Aka baza leda, aka zuba shinkafa, aka ce Malamin Girka ya ba da rahoto. Na gyara murya, na siffanta musu ginshiƙan tiryan-tiryan, tsayinsu, farinsu, tsaunin da ke bayansu. Ban yi ƙarya ba, yadda suke a littafin malam na faɗa. Ban sani ba ashe mai dafa abincin gidanmu ya riga ya kai wa Badamagare labarin kaf, har da usur. Ya bar ni na kai ƙarshe yana ta gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko fankar ɗakin tana aiki sosai.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ga ba mafita, sai na taso masa. Na ce, "Ku yi ta yi. Ko ba komai ni na hau jirgi, na taka Girka da ƙafata. Kai fa? Shekara nawa kana gadin ƙofa ɗaya, ko teku ba ka taɓa gani ba?"

Ya gama tauna lomarsa a hankali, ya lashe yatsa. Tun daga abin da ya faɗa ban sake ɗaga zancen Girka a ɗakin nan ba.

Ya ce, "Gaskiyarka, Malam, ban je ko'ina ba. Amma ni da aka tashi kulle ni, a nan aka kulle ni, ba a sha wahalar yanka mini tikiti ba."